Teku Tana da Shamaki, Amma Ba Inda Hoton Nan Ya Nuna Ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, ina rubuto maka ne daga Ashaiman, kusa da Tema, a ƙasar Gana. Mahaifina bafataken goro ne da ya taso daga ƙasar Katsina ya zauna a nan. A zango aka haife ni, kuma jaridarku tana cikin abubuwan da suka riƙe mini Hausar karatu. Jikata ce take buɗe mini ita a waya duk mako.

A fitowarku ta kwanan baya kun buga hoton nan da ya daɗe yana yawo a WhatsApp da Facebook: ruwa launi biyu, ɗaya shuɗi mai duhu, ɗaya fari-fari kamar an dama ƙasa, da layi a tsakani kamar an ja zare. A ƙarƙashinsa aka rubuta wai nan ne Tekun Atlantika ya haɗu da Tekun Pasifik, kuma har abada ba sa gauraya. Na yi shekara 26 ina neman abinci a kan teku, 19 a jiragen kamun kifi, 7 a jirgin masu binciken ruwa, inda nake riƙe da injin da ke saukar da na'urorinsu cikin teku. Da na ga rubutun nan raina bai ba ni in yi shiru ba.

Atlantika da Pasifik suna haɗuwa ne can ƙarshen Kudancin Amurka, a mashigin Drake, mai faɗin kusan kilomita 800. Duk matuƙin jirgi ya san sunan wurin saboda haukan ruwansa. Ruwan da ke ratsa mashigin daga yamma zuwa gabas ya ninka na duk kogunan duniya a haɗe fiye da sau 100. Ina layi zai tsaya a irin wannan wuri? Hotunan da ake yaɗawa, mafi shahararsu an ɗauke su ne a gaɓar Alaska, inda ruwan narkakkiyar ƙanƙara ke gangarowa da garin dutse ya tarar da ruwan teku. Wasu kuma bakin kogi ne kawai. Wanda ya taɓa tsayawa a Lokoja ya dubi inda Binuwai ya haɗu da Kwara, ko ɗan'uwanmu na Sudan da ya san mahaɗar Nilu biyu a Khartum, ya ga irin wannan layin. Ya kuma san cewa in ka bi ruwan ka yi gaba, launin zai koma ɗaya.

Na san dalilin da ya sa hoton yake shiga ran mutanenmu. Ana haɗa shi da ayoyin Suratur Rahman da Suratul Furƙan masu maganar tekuna biyu da shamakin da ke tsakaninsu. Ni ba malami ba ne, tafsiri na masu shi ne. Abin da ke damuna shi ne ranar da yaronmu zai shiga jami'a ya gano cewa sunan da aka liƙa wa hoton ƙarya ne. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma tsorona kada shakkar da ta kama shi a kan hoton ta shafi abin da ya fi hoton. Maganar Allah ba ta bukatar a tallafe ta da hoton da aka sauya wa suna. Ga shi kuma abin da ke cikin tekun na gaskiya ya fi wannan layin ban mamaki nesa ba kusa ba. Shamaki yana nan, na gan shi sau ɗaruruwa. Sai dai a kwance yake, a ƙarƙashin jirgi, ba a tsaye a gabansa ba.

Bari in ba ka labarin ranar da na fara sanin haka. Watan Maris ne, muna kudu da Takoradi, mun wuce inda ƙasan teku ke gangarawa ya yi zurfi. Zafi ya kai ƙarfen jirgi ba ya takuwa da ƙafa ba takalmi. Aka ɗaura na'urar da ake kira CTD a wayar ƙarfe. Wani keji ne mai kewaye da dogayen kwalabe masu murfi sama da ƙasa, a gindinsa da ma'aunin zafi da na gishiri da na zurfi. Aikina in sake waya a hankali, kimanin mita 60 a minti, ina sauraron umarni ta rediyo. Da muka kai mita 1,000 aka ce in tsaya, sannan in fara jawowa, ana rufe kwalabe ɗaya bayan ɗaya a zurfi daban-daban. Da kejin ya fito aka ajiye shi a kan jirgi, sai na ga wasu kwalaben suna zufa kamar lemon da aka fitar daga firij. Bayan masu binciken sun ɗebi nasu, na roƙi ragowar na tara a butata, don La'asar ta yi. Malam, ina zuba ruwan nan a hannu yatsuna suka ƙage. A tsakiyar bazara, a wurin da bai fi tafiyar kwana ɗaya daga layin ikwaita, wanda ya raba duniya kudu da arewa, ba, na yi alwala da ruwa mai sanyin digiri 4 zuwa 5.

Bayan sallah wata matashiya cikin masu binciken ta kira ni ta ce, "Baba, zo ka ga abin da ka jawo." Ta nuna mini zanen a kwamfuta. Daga sama zuwa wajen mita 25 layin zafi a miƙe yake, digiri 29, bai motsa ba. Daga nan sai ya karye kwatsam. Kafin mita 60 ya sauko ƙasa da 20. Sannan ya ci gaba da sauka a hankali har zuwa sanyin da na ji a hannuna. Wannan karyewar ita ce shamakin. Ruwan ɗumin da muke gani muna cewa teku ke nan, ashe ɗan mayafi ne a kan wani abu mai zurfin kilomita 4 ko fiye, mai duhu, mai sanyi.

Dalilin ba mai wuyar ganewa ba ne. Duk yaron da ya yi iyo a kududdufi da rana tsaka ya san kafaɗa tana jin ɗumi, ƙafa tana jin sanyi. Rana daga sama take dukan ruwa, yawancin zafinta a mitocin farko yake tsayawa. Ruwan da ya yi ɗumi yana rage nauyi, sai ya zauna a sama. Gishiri kuma ƙara nauyi yake yi. Ruwan teku yana ɗauke da kimanin giram 35 na gishiri a kowane kilo, amma ba ko'ina daidai ba. Inda rana da busasshiyar iska ke shanye ruwa su bar gishiri, kamar Bahar Maliya da alhazai ke gani a Jidda, yana kai 40. Inda ruwan sama da koguna suka yi yawa, yana raguwa. To zafi da gishiri su ne ke yanke wa kowane ruwa matsayinsa: mai nauyi ya kwanta ƙasa, marar nauyi ya hau kai, kamar furar da aka dama aka manta da ita a ƙwarya, gari a ƙasa, tsararo a sama. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne ƙanƙantar bambancin. Tsakanin lita ɗaya ta ruwan sama-sama da lita ɗaya ta na can ƙasa, tazarar nauyin ba ta wuce 'yan giram kaɗan ba. Amma ita ce ke riƙe da teku hawa-hawa kamar gidan bene.

Kuma kowane hawa da garinsu. A zanen nan, wajen mita 700 zuwa 800, akwai inda gishiri ya ragu. Matashiyar ta ce wannan ruwa ne da ya nutse can kudu, kusa da yankin ƙanƙara na Antatika, ya yi shekaru yana rarrafowa ta ƙarƙashi har ya iso Gana. A ƙarƙashinsa kuma akwai wani mai ɗan ƙarin gishiri da ya taso daga arewa, wajen Girinlan, inda sanyin hunturu ke sa ruwa ya yi nauyi ya nutse. Ɗaya yana tafiya arewa, ɗaya yana tafiya kudu, wannan a kan wancan. Ni ɗan fatake ne, abin ya tuna mini ayari biyu da suka yi kiciɓis a hanyar Gwanja, kowa da kayansa, kowa da inda ya nufa.

Ba yau aka fara gane wannan ba. A 1751 wani kyaftin haifaffen ƙasar Ailan, Henry Ellis, wanda jirginsa na fataucin bayi ne, ya zura guga mai murfi cikin Atlantika ya jawo ruwa mai sanyi daga zurfin da ya haura mita 1,000. Shi abin da ya dame shi ya sanyaya abin shansa. Wasu ne daga baya suka tambayi kansu: ina ruwan sanyi ya fito a ƙasar zafi, in ba daga ƙarshen duniya ba? Tun kafin shi ma masuntan Istanbul sun san cewa a mashigin Bosforus, in taru ya nutse sosai, sai ya ja kwale-kwale ya nufi inda ruwan sama ya baro. Wani Ba'italiye, Luigi Marsili, ya bi maganarsu ya auna, ya wallafa a 1681: ruwan Bahar Aswad mai ƙarancin gishiri yana fita ta sama, na Bahar Rum mai nauyi yana shiga ta ƙasa. Haka abin yake a mashigin Jibralta, tsakanin Maroko da Sifen, inda wurin da ya fi ƙunci faɗinsa kusan kilomita 14 ne. Ruwan Atlantika yana shiga ta sama, na Bahar Rum mai gishiri giram 38 a kilo yana fitowa ta ƙasa, ya gangara zuwa wajen mita 1,000, ya bazu. Wani lokaci yakan yanke ya zama ƙaton dunƙule mai juyawa, ya yi shekaru yana yawo cikin Atlantika da ɗuminsa da gishirinsa kafin ya narke. Da jarida tana neman inda ruwa biyu suka haɗu kowa ya riƙe kamanninsa, ga wurin da ya kamata ta nuna.

Na kusa da mu shi ne Ada, inda kogin Volta ke shiga teku. Wani dattijon masunci ya taɓa nuna mini da kwalba. Ya ɗaura mata dutse, ya toshe bakinta da toton masara mai zare, ya zura ta ƙasa, ya fizge toton. Na kamfaci ruwan gefen kwale-kwale na kurɓa, ɗan zartsi ne kawai. Na kurɓi na kwalbar, gishiri zalla, sai da na tofar. Tsakaninsu bai fi tsayin mutum biyu ba. Ruwan teku yana kutsowa ta ƙarƙashin na kogi kamar bakin gatari. A irin wannan ruwan, jirgi kan yi nauyi ba gaira ba dalili, inji yana kuka amma tafiya ba ta ci. Haka ta faru da jirgin Fridtjof Nansen, mutumin Norwe, a gaɓar Sibiriya a 1893, kuma daga baya aka gano cewa ƙarfin injin yana tafiya ne wajen tayar da igiyar ruwa a ɓoye, a kan iyakar hawa biyun.

To amma, Malam, inda na fi saɓawa da rubutunku shi ne kalmar "har abada". Suna gauraya. A hankali ne, amma suna yi, kuma rahamar tana cikin gaurayar. Wanda yake son ganin tekun da ba ta gauraya ya dubi Bahar Aswad. Manyan koguna irin su Danub suna zuba mata ruwan daɗi a sama, ruwan gishiri yana kwance a ƙasa, murfin ya yi ƙarfi har iska ba ta iya fasa shi. Daga wajen mita 150 zuwa 200 har ƙasanta, mai zurfin fiye da mita 2,000, babu iskar numfashi. Babu kifi. Ruwan in an jawo shi warin ruɓaɓɓen ƙwai yake yi. Da haka sauran tekuna suke, da ba mu ga alheri ba.

Abin da ke damawa yana da yawa. Iska tana kaɗa hawan sama kullum, shi ya sa mita 25 ɗin nan na farko zafinsu ɗaya. Dare yana sanyaya fatar ruwa ta nutse, wani ya taso. A ƙasashen sanyi hunturu kan juya ruwa har ɗaruruwan mitoci, a wasu wurare fiye da 1,000. Sai kuma wanda ban taɓa zato ba: wata. Shi wannan watan da muke dubawa don azumi da salla, shi ke jan teku ta cika ta janye sau biyu a yini. A ƙasan teku akwai duwatsu da tsaunuka. Duk sanda ruwa ya goga a kansu, sai igiyoyi su tashi a cikin ruwan, tsakanin hawa da hawa, waɗansu tsayinsu ya fi dogon bene, alhali a sama ba ka ganin komai sai ɗan santsi a fuskar ruwa. In suka karye sai su cakuɗa ɗumi da sanyi. Masanin teku Walter Munk ya yi shekaru a kan wannan lissafi, kuma shi da abokin aikinsa Carl Wunsch sun nuna a 1998 cewa kusan rabin ƙarfin da ke dama zurfin teku daga cika da janyewar nan yake fitowa. Wata ne ludayin. Duk da haka damun ba na gaggawa ba ne: ruwan da ya nutse can ƙasa yakan yi ɗaruruwan shekaru, wani har 1,000, kafin ya sake ganin rana.

Mu a gaɓar Gana muna ganin fashewar shamakin da idonmu kowace shekara. Daga Yuli zuwa Satumba hawan sanyi yana tasowa har sama. Ruwan da ke digiri 28 ko 29 a Afrilu sai ya sauko 22, wani lokaci ƙasa da haka. Da asuba hazo ya rufe bakin ruwa, masunta su sa rigar sanyi, shuɗin teku ya koma kore. Koren nan abinci ne. Duk abin da ya mutu a teku ƙasa yake nutsewa ya ruɓe, saboda haka takin yana ƙasa, hasken rana yana sama, shamaki ya raba su. Ranar da suka haɗu sai ƙananan tsirran ruwa su yi yabanya, kifi ya biyo. Lokacin ne kwale-kwale ke dawowa Elmina da Tema shaƙe da kifin da ake kira amane, matan unguwar Chorkor ta Accra su kwana a bakin murhu suna ƙyafewa, kwanduna su kama hanyar Kumasi da Tamale har Burkina Faso. Shekarar da sanyin ya yi rauni kuwa, tun daga kasuwar kifi za ka ji. Ban ɗora wa teku duk laifin ƙarancin kifin yanzu ba, don na ga ɓarnar da manyan jirage da masu kamu da fitila suka yi, na kuma yi aiki a cikinsu. Amma ko da an daina ɓarna, in ruwan ƙasa bai taso ba, taru haka zai dawo.

Kada mai karatu a Funtuwa ko Maraɗi ya ce ina ruwansa da teku. Ruwansa kuwa, a zahiri. Hadarin damina daga Tekun Gini yake ɗebo danshi. Daga Mayu zuwa Yuni ruwan sanyi yana tasowa a tsakiyar tekun, a daidai lokacin da Sahara ke tafasa. Wannan bambanci na sanyi a kudu da zafi a arewa yana cikin abin da ke tura iskar damina ta haura. Shi ya sa a watan Agusta mu a Accra da Tema muke samun sauƙin ruwa, ku kuwa kuna cikin marka. A 1984 Tekun Gini ya yi ɗumi fiye da yadda ya saba, kuma manyanmu ba su manta da farin shekarar ba. Ba shi kaɗai ne sanadi ba, amma masana sun daɗe da lura cewa in wannan tekun ya ƙi yin sanyi, ruwa yakan tsaya a gaɓa ya bar arewa.

Abin da ke hana ni barci yanzu shi ne murfin yana ƙara ƙarfi. Teku ce ta shanye kusan kashi 90 cikin 100 na ƙarin zafin da duniya ta tara, kuma ta sama yake shiga. Ƙanƙara tana narkewa tana ƙara ruwan daɗi, shi ma a sama. Akwai na'urori kusan 4,000 na shirin Argo da ke yawo a tekunan duniya, kowace tana nutsewa mita 2,000 ta taso duk kwana 10 ta aika da zafi da gishirin da ta auna, wato aikin da nake yi da waya yanzu suna yinsa ba dare ba rana. Wani bincike da aka wallafa a 2020 ya nuna cewa daga 1960 zuwa 2018 rarrabuwar hawan teku ta ƙaru da kimanin kashi 5 cikin 100. Ƙarin ƙarfin shamaki yana nufin taki zai yi wuyar tasowa, iskar numfashi ta yi wuyar sauka. Saboda haka idan na ga ana murna wai teku ba ta gauraya, sai gabana ya faɗi, don ni addu'ata kada Allah Ya sa ta daina.

Ranar da jikata ta nuna mini hoton, na ce ta kawo doguwar kwalba mai faɗin baki, da gishiri, da ɗanyen ƙwai, da ɗan zoɓon da ba a sa wa sukari ba. Muka narka gishiri mai yawa a ruwa muka cika rabin kwalbar. Muka tsiyaya zoɓon a hankali ta bayan cokali. Ja ya zauna a sama, fari a ƙasa, layi a tsakani kamar an yanka da wuƙa. Muka saki ƙwan, ya ratsa jan ya sauka, ya tsaya cak a tsakiya, bai nutse ba bai taso ba. Ta ce, "Kaka, ka ga ba su gauraya ba!" Na ce ta ajiye a kan taga kada kowa ya taɓa. Bayan kwana uku ta zo da gudu ta ce layin ya dushe, jan ya fara sauka. Kowane malamin makaranta zai iya yin wannan a aji, ba ya cin kuɗi.

Roƙona, Malam Edita, ku buga gyara a shafin da kuka buga hoton, ku faɗi inda aka ɗauke shi. In kuma da hali, ku turo wakilinku Tema a watan Agusta. Ya sauka a gidana. Zan kai shi bakin ruwa bayan sallar Asuba, lokacin da kwale-kwale ke shigowa, ya tsoma ƙafarsa ya ji da kansa. Ya taho da rigar sanyi.

Wassalam.

Naka,
Tsohon ma'aikacin jirgin ruwa,
Ashaiman, Gana.